Laima Mai Taga

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da bakin mutane ba. Da na zauna a majalisarmu ta ƙofar gidan Malam Bala a Kwarbai, tambayar ke nan: "Garba, wai da gaske saboda laima ka tsallaka wata ƙasa?" Shi kansa Malam Bala, dattijon da ya yi ritaya daga ofishin ilimi, cewa ya yi in laima ce matsalata ai ga kasuwar Sabon Gari nan kusa. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, wannan ya ji kai, wancan ya ji ƙafa. To ga shi nan gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, shi da Allah.

Ni mai hoto ne, shagona yana bakin Ƙofar Doka. Ɗaliban Kongo, amare, maniyyata masu neman hoton fasfo, mutanen Wusasa in sun taso daga coci da kwalliyarsu, babu wanda bai zauna a kujerata ba. Amma duk da haka ba ni da hoton fuskar mahaifiyata.

Dalili biyu ne. Na farko, ni ne ɗan fari, Inna kuwa mutanen da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. A ɗakin Goggo na girma. In tana da magana da ni, ina zaune a gabanta za ta juya wajen ƙanwata Hadiza ta ce, "Ku ce wa wancan kaza." Ban taɓa jin haushi ba, haka na buɗe ido na gani, kuma na san tuwon da ake aiko min daga ɗakinta ya fi na kowa man shanu. Sai dai da zarar na ɗaga kyamara, kanta ya yi ƙasa.

Na biyu, Inna baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi, ga ta da son farin mayafi. Laimomina kuwa, waɗanda nake kara wa fitila don su watsa haske a kan mutum, masu ruwan azurfa ne da na sayo a Kaduna ina ta taƙama da su. Haskensu duka yake yi. Mayafin ya ƙone fat, fuskar ta nutse. Na gwada ranar sunan ɗan Hadiza, na gwada ranar Salla, abin da ke fitowa kullum shi ne saman ɗankwali da inuwa a ƙarƙashinsa.

Bara ta kwanta ciwo har aka kwantar da ita a asibiti. Allah ya tashi kafaɗunta, amma a barandar asibitin nan na zauna na tambayi kaina: da ta tafi fa? Me zan nuna wa 'yata Ummi da ƙannenta in sun girma sun ce yaya kakarsu take? Saman ɗankwali? Tun daga ranar abin ya tsaya min a rai.

Ana nan sai wani Badamagare mai fataucin kanwa ya kawo min hoto in saka masa a gilashi. Ina karɓa na zauna. Tsohuwa ce, ta fi Inna baƙi, ta yafa baƙin zane mai sheƙin shuni, amma kowane layi na fuskarta ya fito, kuma tana kallonka ido cikin ido. Ya ce mahaifiyarsa ce, matar da ko likita ba ta ɗaga wa kai. Na ce wa ya ɗauka? Ya ce Malam Isuhu, a cikin Birnin Damagaram. Na ce da me? Ya ce, "Da laima mai taga." Na juya tambayar ta kowace fuska, iyakar abin da ya sani ke nan. Na ce to, zuwa da kai ya fi saƙo.

Da bazara na tashi, lokacin da zafi ke dafa mutum a tsaye. Na naɗe wadda ta fi tsada a cikin laimomina na riƙe a hannu, don in nuna wa mutumin cewa mu ma a Zazzau ba a baya muke ba. Daga Zariya zuwa Kano babu labari. A tashar Kano na shiga motar Damagaram, aka matse ni tsakanin mutum biyu: Alhaji Ɗanladi, Bakano mai sayar da atamfa, da Hajiya Ramma, Badamagariya mai jiki da murya, wadda ta saro robobi ta cika saman motar da su.

Allah Sarki Alhaji Ɗanladi. Kun san Bakano abokin wasanmu ne, ashe abokin wasan Damagarawa ne kuma. Da Hajiya ta ji ni Bazazzagi ne sai ta ce, "Madalla, yau mun sa shi a tsakiya." Tun daga Kazaure har Daura ba mu bar shi ya numfasa ba. Ta ce Bakano in ya ga gawarka sai ya fara taya likafanin. Shi kuwa ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Ku bar ni da Bazazzagi. Rabon sama da hadari an manta, shi ya rungumo laima kamar jaririya. Boko ne ya yi musu yawa." Na so in yi masa bayani, na ga ɓata yawu ne.

A Kwangwalam muka tsallaka iyaka. Ɓangarenmu hayaniya ce da 'yan canji da masu awara. Ɓangarensu kuwa shiru, sanda ɗaya a gicciye da jandarma a ƙarƙashin bishiya. Abin da ya fara burge ni ke nan: kowa ya sauko ya yi layi ba tare da an daka masa tsawa ba, har Alhaji Ɗanladi, wanda na tabbata bai taɓa bin layi ba a rayuwarsa. Jandarman ya duba takarduna, ya nuna laimar.

"Mutumin Ingilishi, mene ne wannan?" Haka suke kiranmu, mu kuma mu ce musu mutanen Faranshi.

Na ce kayan aiki ne. Ya ce in buɗe. Na ce ranka ya daɗe, gara a shiga inuwa. Ya ce a nan yake so. To, na buɗe, cikinta ya fuskanci rana, hasken ya tashi gaba ɗaya ya zuba a idonsa. Ya ja da baya yana mutsuttsuka ido, na ce shi ke nan, yau a nan zan kwana. Sai kawai ya fashe da dariya, ya kira abokin aikinsa ya ce in sake buɗewa a fuskarsa shi ma. Da haka muka wuce.

Bayan Matamaye motar ta fara tururi ta tsaya, a wurin da babu bishiyar da za ta rufe akuya. Direba ya tafi neman ruwa. A cikinmu akwai wata mai jego, jaririnta ya yi ja yana ta kuka. Na ga Hajiya Ramma tana kallon hannuna, na kau da kai.

"Mai hoto, kawo laimar nan."

Na ce, "Hajiya, wannan ba ta rana ba ce."

"Ta mece ce, ta wata?" Kafin in ba da amsa ta fizge ta buɗe a kan mai jegon. Yaron ya yi shiru, wannan gaskiya ne. Amma ba a jima ba wata guguwa ta taso daga cikin gonaki, ta shiga ƙarƙashin laimar ta juye ta, ƙarafunan suka kakkarye, azurfar ta yage gida biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na faɗi maganganu, ba zan maimaita su a nan ba. Hajiya ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Wurin wa ma ka ce za ka?" Na ce Malam Isuhu. Ta ce, "To kwantar da hankalinka. Shi ya ɗauke ni hoton aure. Da ka kai masa wannan da lafiyarta ma, shi da kansa zai yaga ta."

Ita ce kuma ta hana ni neman masauki. Ta ce wanda ta karya wa laima ba zai kwana a gidan haya ba, ta kai ni gidan yayanta a unguwar Zango aka ba ni zaure. A nan na ga karamcin da har yau nake jin nauyinsa. Babu wanda ya tambaye ni yaushe zan tafi. Tuwon gero suka kawo da miyar kuka, gero zalla, ba irin namu na dawa da masara ba, da fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Da safe kuma burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa ya kusa cire min haƙori, amma in ka tsoma a shayi sai ka nemi ƙari. Hausarsu ce ta ɗan wahalar da ni, don inda mu muke cusa Turancin Ingilishi su Faransanci suke cusawa, sai mu tsaya muna kallon juna kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya ɓata harshe.

Kuskuren farko da na yi shi ne zuwa shagon Malam Isuhu da tsakar rana. Na tarar da ƙofa a rufe, maƙwabta a rufe, titi babu kowa sai awaki. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe haka suke, da rana ta take kowa ya tafi gida ya kwanta sai la'asar, har ma'aikatan gwamnati. Na yi ta mita a raina, na ce mu a Zariya wa zai rufe shago ciniki yana wucewa? Kwana biyu da zafin garin ya gasa ni, ni na fara neman tabarma.

Da la'asar na koma. Malam Isuhu ɗan tsamurmurin tsoho ne mai farin gemu, yana zaune a bakin ƙofa yana fifita gawayin shayi. Na gaishe shi na faɗi daga inda nake, na miƙa masa gawar laimata ina jin kunya. Ya jujjuya ta ya ce, "Sandar tana da kyau." Iyakar ta'aziyyar da na samu ke nan.

Da muka shiga ciki sai na ɗaga kai. Laimomi ne rataye a jikin azara, manya da ƙanana, kuma babu ko ɗaya da ya bari yadda kamfani ya yi ta. Wata ya cire mata riga ya ɗinka mata alawayyo. Wata ya yi mata baƙin baya don kada haske ya tsere ta sama. Wata ninki biyu ce, ta jarirai, don kada walƙiya ta firgita su. Wata faffaɗa ce ƙwarai, ta Buzaye, saboda rawaninsu mai sheƙi yana tofo haske in ya zo masa da ƙarfi. Mai ruwan azurfa guda ɗaya ce tak, ita ma ya dirje ta da yashi har sheƙin ya mutu. Na ce wannan fa? Ya ce, "Ta masu hoton katin shaida ce, waɗanda ba ruwansu da kyau, sauri suke yi."

Na zauna wurinsa kwanaki ina kallo, kuma ban taɓa ganin mai aiki irinsa ba. Ba ya zaɓar laima sai ya ga mutum. In ka zo sai ya zaunar da kai kusa da ƙofa ya ba ka shayi, yana jan ka da hira, alhali goshinka yake kallo da kumatunka, yadda hasken ƙofa ke zama a kansu. Sai ka shanye sannan ya miƙe ya sauko da wadda ta dace da kai. Ni da nake ɗaukar mutum goma da laima ɗaya kafin azahar, na ji kamar ban taɓa riƙe kyamara ba.

"Baƙar fata ba ta son duka, ɗana," in ji shi. "Shafa take so. Ku kuna sa ƙaramar laima daga nesa, ta jefi mutum da haske. Ka nemi babba, ka matso da ita har ya ji kamar zai taɓa, kuma hasken ya ratso ta cikin ƙyallen, kada ya daki ƙarfe ya dawo." Ya kuma nuna min farar tabarma da yake shimfiɗawa a gaban mai zama, don ta ɗago haske zuwa ƙarƙashin haɓa. Na lura duk ƙyallayensa babu fari fat, sun ɗan yi ruwan ƙasa. Ya ce a ruwan shayi yake tsoma su. "Farin da aka sa wa bula yana mai da baƙin mutum toka-toka a hoto mai kala. Wannan kuwa yana fito da jinin jikinsa."

Duk wannan ina ji, amma idona yana kan wata babba da ke jingine a lungu, girmanta ya kai na masu tebur a kasuwa. Ya lura. Ya ɗauko ta ya kafa a kan ƙafa, ya sa fitila a bayanta. A jikinta, can gefe, ƙasa kaɗan da tsakiya, an yanke rami an daje bakinsa da zare, an ɗinka masa baƙin hannu kamar hannun riga.

Ya ce matan Birni ne suka koya masa. Shekaru yana fama, mace ta yi kwalliya ta zo, da ta ga namiji a tsaye yana leƙenta sai kai ya yi ƙasa. Ya gwada ɓuya a bayan labule, labulen ya cinye hasken. "Sai wata rana na ce, to me zai hana hasken da kansa ya zama labulen?" Idon kyamara yana shiga ta hannun nan, baƙin ƙyallen ya tare walƙiya kada ta faɗa masa, mai hoto kuma ya ɓace gaba ɗaya. Ramin yana gefe ne don hasken ya fi yawa a kunci ɗaya, fuska ta yi tudu da kwari, kada ta fito a baje kamar faifai.

Sai ya ce, "Zauna."

Na ce, "Baba, ni ai ɗauka nake yi, ba a ɗaukata."

"Wanzami ba ya son jarfa. Zauna."

Na zauna ina ta gyara hula. Ya kunna ƙaramin ƙwan da ke haska ƙyallen, ya shige baya, na daina ganinsa. Babu kowa a gabana sai wani haske mai taushi da ya cika min ido bai soke ni ba. Na ji kafaɗuna sun sauka. Can sai muryarsa ta fito a hankali: "Wa kake son ɗauka, da har ka taso tun daga Zazzau?"

Wallahi ban gaya wa kowa a garin nan ba, ko matata Asabe ban gaya mata duka ba. Amma sai na ji ina gaya wa ƙyalle. Na faɗi ciwon Inna, na faɗi barandar asibiti, na faɗi cewa na haura arba'in ban san kalar ƙwayar idon uwata ba. Ina cikin magana walƙiya ta tashi. Ya leƙo ta gefe ya ce, "Ka ga aikinta." Hoton yana nan a wurina, ba na nuna wa kowa, don idona ya cika da ƙwalla a ciki.

Washegari muka shiga kasuwa. Ya zaɓo gangar jikin babbar laima wurin masu tebur, ya sa maƙeri ya haɗa ta da sandar tawa da ta tsira, don ita ce ke shiga ƙafar fitilata. Ƙyalle kuwa ya ƙi na kanti, ya ce sabo yana da tauri. Tsohon rawaninsa ya kwance, wanda wanki ya lausasa, muka tsoma a shayi muka shanya, tela ya ɗinka ninki biyu. Baƙin hannun daga ƙafar wani tsohon wando aka yanko. Da aka zo yanka tagar ya miƙo min almakashi, ya ce in tsaya yadda nake tsayawa in ina aiki, ya auna daidai idona, ya ce in yanka da hannuna. Na yi masa maganar sallama ya ɓata fuska, ya ce in dai hoton ya fito in aiko masa da guda.

Ranar da zan taho ya raka ni bakin titi ya ce, "Abu ɗaya ya rage. Kada ka yi magana. Muryarka ma abin kunya ce a wurinta. Ka shiga bayan laima tun kafin ta zo, ka sa wata ta yi mata hira. Kuma kada ka yi mata ƙarya cewa ba ka nan, uwa ce, ta sani."

A iyaka na sake faɗawa hannun jandarman nan. Ya gane ni, ya ce in buɗe, ya riga ya kare idonsa da hannu. Da ya ga ƙyalle mai ruwan ƙasa da rami a jiki sai ya girgiza kai ya ce, "Mutumin Ingilishi, an cuce ka. Waccan ta fi kyau."

Asabe ma ra'ayinsu ɗaya. Kwana ɗaya da dawowata na fito daga wanka na tarar ta kwance rigar laimar daga ƙarafunanta, ga baho, ga sabulu, ga ƙullin bula a gefe. Ta ce, "Baban Ummi, wannan daƙaƙƙen tsumman ka je wata ƙasa ka ɗauko? Bari in fitar maka da shi." Da tawul a ƙuguna na yi tsalle na ƙwace. Har yau tana ba mata labari suna dariya.

Na sami Hadiza na gaya mata yadda za a yi. Ita ta shawo kan Inna, ta ce jikoki ne ke so. Muka sa ranar Juma'a da hantsi, Allah kuma ya taimaka akwai wuta. Na kafa komai a rumfar Inna tun tana ɗaki, na shimfiɗa farar tabarma, na kunna ƙwan, na shige bayan laima na zura kyamara a taga.

Na ji takunta, na ji ta zauna. Ta cikin kyamara na ga abin da na saba gani, farin mayafi da saman ɗankwali.

"Ina wancan?" in ji ta.

Hadiza ta ce, "Yana bayan laimar, Inna."

"To."

Hadiza ta shiga yi mata hirar bikin gidan maƙwabta, wa ya zo, wa bai zo ba. Inna tana amsawa, kai a ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, na yi tafiyar banza. Ina nan sai na ga haɓarta ta ɗan motsa. Inna ta yi shekaru tana ɗinkin hula, ba ta iya ganin ɗinki ta ƙyale. Ta ɗago tana bin layin zaren da ido, ta ce, "Wannan telan ya iya dajiya." Idonta ya bi ɗinkin, ya gangaro, ya zo kan tagar ya tsaya.

Jama'a, na ga fuskar Inna. Hasken ya kwanta a kanta lumui, baƙin nan ya fito da ɗuminsa, mayafin bai ƙone ba. Akwai ɗan tabo a saman girarta ta hagu wanda ban taɓa sanin da shi ba. Idanunta kuwa na Ummi ne sak, ƙwayar ba baƙa ba ce, ruwan zuma ce mai duhu. Na manta da abin da ya kawo ni, sai da Hadiza ta yi gyaran murya sannan na danna.

Walƙiya ta tashi ta mutu, Inna ba ta sunkuya ba. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na zare kyamarar daga taga, na tattare baƙin hannun, na sa fuskata a wurin. Ta gan ni, na tabbata ta gan ni. Ba ta kau da kai ba, ni ma ban kau ba. Ban san tsawon lokacin ba, Hadiza ta ce bai kai a sha ruwa ba. Sannan ta gyara mayafinta, ta dafa gwiwa ta miƙe.

Hoton ya fito, daga Kano aka wanko shi. Guda yana ɗakina, guda wurin Hadiza, guda na ba direban Damagaram ya kai wa Malam Isuhu, Allah ya saka masa da alheri, shi da Hajiya Ramma mai karya kayan mutane. Malam Bala, in akwai irin wannan laimar a Sabon Gari, ka kai ni in gani.

Inna dai ba ta canza ba, har gobe ni "wancan" ne, in na shiga gaishe ta kanta yana ƙasa. Amma ranar, da ta kai bakin ƙofar ɗakinta, ta tsaya ba ta juyo ba ta ce wa Hadiza, "Ku ce wa mai laima tafiyar nan ta ramar da shi. Duk idonsa ya faɗa."

Da yamma aka aiko da tuwo. Man shanun har ya malalo gefen kwano.